Wai Lidström ya fi Bobby Orr?

Baban Ummi: Jama'a, zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji. A duk 'yan bayan da suka taɓa buga hokin ƙanƙara a gasar NHL ta Amurka da Kanada, Nicklas Lidström na Siwidin ya fi Bobby Orr na Boston Bruins. Kaka 20 ya yi a Detroit Red Wings, kuma ko sau ɗaya ba su kasa kaiwa zagayen neman kofi ba. Ya ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau 4: 1997, 1998, 2002 da 2008. Orr biyu gare shi.

Malam Na-Boston: Haba ƙanena, da sassafe haka? Kofi na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. In zancen mutum ake, Orr ya ci kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau 8 a jere, daga 1968 zuwa 1975. Naka sau 7. Kuma Orr ne kaɗai ɗan baya da ya taɓa fin kowa maki (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a gasar, har sau biyu, 1970 da 1975. Mutumin da aka ajiye don tsaron gida ya fi 'yan gaba cin maki! A kakar 1970 zuwa 1971 ya tara 139, har yau babu ɗan bayan da ya kamo.

Baban Ummi: Malam, Allah ya ja kwana, amma da wa ya kara? A 1967 aka ninka ƙungiyoyi daga 6 zuwa 12, sababbin duk ba su yi ƙwari ba. 'Yan Rasha ba su zo ba tukuna, 'yan Turai tsiraru ne. Lidström ya yi wasa lokacin da duniya duka ta hallara.

Malam Na-Boston: Sauran 'yan bayan zamaninsa ba da waɗannan ƙungiyoyin suka kara ba? Me ya hana su? Kafin Orr, yawanci ɗan baya ya tare ne ya miƙa wa na gaba, ya koma mazauninsa. Shi kuwa sai ya ɗauko ƙwallo daga bayan ragarsu, ya ratsa fili gaba ɗaya, ya je ya ci. Duk ranar da na bi ta gaban TD Garden, filin wasan Boston, sai na tsaya kallon mutum-mutuminsa: yana shawagi a iska, hannaye a miƙe, sanda a sama, baki buɗe. Ƙwallon 10 ga Mayu 1970 ce, daƙiƙa 40 da shiga ƙarin lokaci da St. Louis, wadda ta ba Boston kofi. Derek Sanderson ya miƙo masa daga bayan raga, ya zura, Noel Picard na St. Louis ya taɗe shi, ya tashi sama. Ranar nan Lidström ɗinka ko arba'in bai yi ba, kwanansa 12 a duniya.

Maman Sadik: Malam ya iya ba da labari wallahi. Amma ni ina bayan Baban Ummi ta wani gefen. Orr wasa 657 ya buga, Lidström 1,564, ya ninka shi har da ɗori. Gwiwa ta ci Orr, aka yi ta yi masa aiki, da ya koma Chicago wasa 26 kacal ya iya bugawa, ya ajiye sanda yana da shekara 30. Lidström kuwa sai da ya kai 31 ya ci Norris ta farko, ta ƙarshe yana da 41. Kuma ba ƙaddara ce zalla ba. Salon Orr na kutsawa tsakiyar mutane shi ya jawo masa duka a gwiwa. Lidström ba ya yarda a same shi, da sanda da iya tsayuwa yake ƙwace ƙwallo. Kare jiki ma gwaninta ne.

Malam Na-Boston: Hajiya, wannan kam na karɓa rabi. Amma ki raba lissafin: maki 915 a wasa 657, da 1,142 a wasa 1,564. In wasa ɗaya ne za a buga gobe, a ce ki zaɓi mutum ɗaya da lafiyayyar gwiwa, wa za ki ɗauka?

Maman Sadik: Orr, ba musu. In kuma ƙungiya zan gina ta shekara 20, Lidström.

Auta: Manya, ku yi haƙuri in sa baki. In daɗewa ake yabo, ina kuka bar Ray Bourque? Maki 1,579, babu ɗan bayan da ya kai shi.

Baban Ummi: Auta, sai da ya bar Boston ya koma Colorado kafin ya taɓa kofi, a 2001.

Malam Na-Boston: Kada ka fama min wannan mikin. Ina kallo Joe Sakic, kyaftin ɗin Colorado, ya karɓi kofin, bai ko ɗaga ba ya miƙa wa Bourque. Na yi murna, na kuma kashe talabijin.