Kwalbar giya ɗaya ta gusar wa yayana da hankali bayan tiyatar rage ƙiba

Maman Sadiya, Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku game da yayana, wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Indiya wata 14 da suka wuce, aka cire masa mafi yawan tumbinsa. Ba zan ɓoye muku ba, tun can yakan kurɓi giya tare da abokan aikinsa a Apapa, kuma abin ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, amma ba mu taɓa ganin ta fitar da shi daga hayyacinsa ba. Makon jiya kwalba ɗaya tak ya sha, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu, ya kasa tuna inda ya ajiye motarsa, yana maimaita mini tambaya ɗaya har sau uku. Shin tiyatar ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa?

Malam Ɗanlami, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Aikin jinya nake yi, kuma a ganina hanyar da giyar ke bi ce ta sauya. A da takan daɗe a tumbi, inda ake rage ƙarfin wani kasonta kafin ta gangara hanji. Yanzu da aka cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, zarcewa take yi cikin ƙaramin hanji ta shige jini a 'yan mintuna, har yawanta a jini ya kusan ninka na da. Ga shi kuma jikin da take bazuwa a cikinsa ya ragu. Shi ya sa kwalba ɗaya take yi masa aikin biyu: tunani ya yi nauyi, abin da ya faru yanzun nan ya ƙi zama a kai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makullin nan, domin mai irin wannan hali yakan ɗauka garau yake, alhali ƙafarsa ba za ta kai ga birki a kan lokaci ba.

Hajiya Ladi, Obalende:
Maman Sadiya, kada ku tsaya nan. Wanda aka yi wa wannan aiki yana saurin rasa bitamin B1, giya kuma tana ƙara hana hanji tsotse shi, alhali ajiyar jiki ba ta wuce 'yan makonni. Idan ruɗewar ta ci gaba bayan maye ya sake shi, ko yana tangaɗi, ko yana ganin abu biyu-biyu, to asibiti za a kai shi a ranar, domin jinkiri na iya barin mantuwar da ba ta warkewa. Haka nan giya a kan yunwa tana faɗar da sukarin jini, shi ma ruɗewa yake kawowa.

Baban Yusuf, Mile 12:
Yaya, ki bincika ko yana shan agbo, wato jiƙon saiwoyi da ganyaye da ake sayarwa a tasha, domin da yawansa a ogogoro, barasar gida mai ƙarfi, ake jiƙa shi, mutane kuma suna sha da sunan maganin basir.

Maman Sadiya, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Matarsa ta tabbatar mini ya bar shan bitamin ɗinsa tun bayan babbar Salla. Makullin yana hannunta yanzu, gobe da safe kuma ni da kaina zan raka shi wurin likita.