Taƙaitawa: Gina gidan ajiyar buɗaɗɗun manhajoji a Sakkwato

Jama'a, ga shawarwarin da aka bayar kan yadda za mu gina wurin ajiyar buɗaɗɗun manhajoji a intanet, wato manhajojin da kowa ke iya ganin yadda aka rubuta su ya kuma gyara:

1. Cikin manhajojin da ake tafiyar da irin wannan gidan ajiya da su, mafi yawa sun zaɓi Forgejo ko Gitea, saba (kwamfutar da za ta ɗauki gidan ajiyar) mai RAM (ma'adanar aiki) gigabait 2 ta ishe mu. GitLab ya fi nauyi.
2. An rabu kan wurin ajiye sabar. Masu son a yi hayar saba a wajen kamfani sun yarda cewa da dala ake biya. Masu son ta a Sakkwato an tuna masu zafin bazara, ƙurar hunturu da ɗauke wuta: sai da sola da batir.
3. Shaidar tsaron shafin intanet da ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 take yi, a saita ta riƙa sabunta kanta.
4. A riƙa ajiye kwafin bayanan kullum a wata na'ura dabam, a kuma gwada dawo da shi.
5. A rufe rajista, kar asusun bogi su cika wurin.

Lasisi kuwa, wato ƙa'idar amfani da manhajojin, ba a daidaita ba tukuna tsakanin nau'i biyu, MIT da GPL.