Mazan betta biyu a akwati ɗaya, shingen ya gagare ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Daga Aboabo nake a nan Kumasi. Ina da mazan kifin betta biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, a akwatin gilashi mai cin lita 40, na raba shi biyu da ragar roba, tunda mazan kifin nan na Tailan ba sa ga maciji da juna.

Ragar ta hana cizo, amma ba ta hana kallon-kallo ba. Jan wuni yake manne da shinge, ya kumbura kumatu, ya baza jela. Shuɗin kuwa ya lafe bayan dutse, launinsa ya koɗe, jelarsa ta fara yagewa, abinci ma in ya ɗauka sai ya tofar.

Na canza raga da farantin roba mai duhu, sai ruwa ya daina zagayawa, domin matatar ruwan a gefe ɗaya take. Wani yauƙi ya rufe saman ɗaya gefen, ga shi kifi ne mai leƙowa sama ya shaƙi iska.

In zan huhhuda farantin, wane girman huji ne zai wuce da ruwa ba tare da sun hangi juna ba? Kuma yagewar nan, shi ke cizon jelarsa ko ruɓewa take? Ɗumin ruwan digiri 26 ne, kuma ina kashe kilorin ɗin ruwan famfo. Don Allah a taimaka.