Silin yana ɗiga, mai gida ya ce ba ruwansa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haya a wani gidan bene a Kano, ni a ƙasa, wani magidanci a sama. Wata biyu ke nan silin ɗin banɗakina yana ɗiga. Yanzu lema ta ci bangon ɗakin yara, fenti yana ɓarewa, ga warin danshi. Mai gida ya ce ruwan na sama ne, mu je mu sasanta. Na sama ya ce bai fasa komai ba. Saura wata uku kuɗin hayata ya ƙare. In gyara in cire a ciki, ko yaya?

Mai gyaran famfo: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo kan wa zai biya, a gano inda ruwan yake fitowa, don shi zai raba gardamar. Da farko dai ka kashe wutar banɗakin, waya tana bi ta cikin dakin ɗin nan, wato kankaren da ya raba sama da ƙasa.

Da daddare a cika tankin sama, a rufe duk famfunan gidan, a tsayar da ruwan da ke shiga tankin, a sa alama. Da asuba a duba kafin kowa ya yi alwala. In ruwan ya sauka, bututun da ke kawo ruwa ne ya fashe a cikin bango, yawanci ɗan rabin inci a wajen gwiwa, inda aka yi rowar gam. Irin wannan ɗigar ba ta tsayawa, dare da rana. Tanki mai faɗin mita 1, in ya sauka santimita 10, kusan lita 80 ke nan suka shige ginin. Amma a fara rufe ruwan masai, don tankinsa yakan yi zuba a ɓoye ya ruɗa lissafi.

In tanki bai motsa ba, sai an yi wanka a sama ɗigar take ƙaruwa, to magudana ce: ko bututun inci 2 na ruwan wanka, ko bakin na inci 4 a gindin masai, ko simintin tsakanin tayil ya zaizaye. A toshe magudanar, a tara ruwa kamar santimita 3 a daɓen, a bar shi ya kwana. In ya ɗigo ƙasa, tayil ne. Kada ka yarda a shafe silin da siminti a yi fenti a ce an gama. Ruwan zai nemi wata hanya, rodin cikin dakin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga kankare.

Lauya: Ɗan'uwa, ɗauko takardar yarjejeniyarku tukuna, abin da kuka sa wa hannu shi ne gaba da komai. Abin da aka saba rubutawa: jikin gini, rufi, tanki da bututun da aka binne a bango na mai gida ne, kan famfo, robar da ta cinye, tiyon ƙasan wajen wanke hannu da magudanar da aka toshe da shara na ɗan haya ne. Saboda haka in bututun bango ne ko aikin tayil, mai gida ba shi da hujjar tura ka wajen maƙwabci. In kuwa na sama ne yake barin famfo a buɗe ko ya toshe magudana, shi zai biya ɓarnar.

Cirewa a kuɗin haya da kanka, kada ka soma. Sai a wayi gari an rubuta ka a wanda ya ƙi biya, maganar ɗiga ta koma maganar tashi. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka rubuta wa mai gida takarda mai kwanan wata, ka ba shi kamar kwana 14, ka riƙe kwafi. Ka haɗa da ƙiyasin mai gyara. In ya ce ka gyara a cire, ya rubuta adadin ya sa hannu, kai kuma ka adana rasit. "Je ka yi, ma yi magana" ba ta tsayawa a gaban alƙali.

Malamin fiƙihu: Ƙari kaɗan ta fuskar shari'a. Ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi ganganci ko sakaci. Sai dai a mazhabar Malikiyya ba a tilasta wa mai gida gyara. Zaɓi ake ba ɗan haya idan aibin mai cutarwa ne, kuma malamai da zubar rufi suka buga misali: ko ya warware hayar a mayar masa da kuɗin sauran kwanakin, ko ya zauna ya biya cikakke. Shi ya sa shiru ba ya amfanar ka.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. To in na sama ya hana a shiga banɗakinsa fa?

Mai kula da gidajen haya: Ba kai za ka ƙwanƙwasa masa ba, Malam. Mai gida ne zai sanar da shi rana da lokaci, ya zo da mai gyara, ku uku kuna tsaye. In ana jan ƙafa, a sa mai unguwa. Kafin nan ka janye katifar yara daga jikin bangon, ka huda silin a inda ya yi ciki, ka tara bokiti, don kada ya rufto.