Wa ya taɓa bin fadamar Haɗejiya zuwa Nguru da keke? Ku zo mu ji

Ɗan Gumel:
Salamu alaikum jama'a. Mun yi shawara da abokaina za mu hau keken tsere daga Haɗejiya mu bi ta Kirikasamma da Birniwa mu faɗa Nguru, in da sauran ƙarfi mu ƙarasa Gashuwa. Abin da ya ja mu an ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa ba gangara, kuma motoci ba su kai na hanyar Kano yawa ba. Don Allah wanda ya taɓa bi da ƙafarsa a kan feda ya faɗa mana abin da ya gani, ban da labarin an ce an ce.

Abba Feda:
Wa'alaikumus salam. Wanda ya ce maka ba hawa bai yi ƙarya ba, kawai dai ya ɓoye maka maganar iska ne. Mu a Janairu muka bi, kuma ka san iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, Nguru kuwa tana can daidai inda iskar ke fitowa, to tun da muka bar gari muke fama da ita a fuska kamar an ɗaura maka buhun gero a bayan keke, ba tudu ba gini da zai tare maka ita, kana sakin feda keken zai tsaya cak. A hanya mai tudu ko ba komai ka san akwai gangara a gaba za ka huta, nan wallahi babu, takawa ce daga farko har ƙarshe. Amma ranar dawowa sai ga mu a babbar giya muna hira muna dariya. In hunturu za ku yi, ku ɗora kekunan a mota zuwa Nguru ku tuƙo zuwa Haɗejiya, ko ku fita ana idar da asuba kafin hantsi ya ɗaga iskar ta yi ƙarfi.

Sale Mai Faci:
Ni faci nake yi a bakin hanyar nan, ina ganin irinku. Matsalarku ɗaya ce, bawul, wato bakin da ake hura wa taya iska. Na keken tsere siriri ne, famfonmu na ƙauye ba ya kama shi, kuma tub ɗin da muke ajiyewa na Phoenix ne da na babur, naku sai Kano. Ku zo da tub ɗinku da ƙaramin famfo da gam da faci. Sannan kada ku sauka gefen kwalta ku tura keke cikin ciyawa don neman inuwa, tsidau ne a kwance, yanzun nan zai huda taya gaba da baya. Ɗaukar keken za ku yi a kafaɗa.

Abba Feda:
Malam Sale ya gama magana. Ni taya mai faɗin milimita 32 na sa, wanda ya zo da 25 shi ya fi kowa tsayawa, musamman inda ruwa ya ci gefen titi aka cike da jar ƙasa.

Baba Na Guri:
Yara ina gaishe ku, jikana ne yake rubuta min. Mu da muka tuƙa Raleigh a wajen nan tun muna samari ba don wasanni ba, don kai bandar kifi kasuwa, abin da zan gaya muku shi ne a ƙasar nan ruwa ne mai hanya ba kai ba. Kogin Haɗejiya da na Jama'are nan suke bazuwa su rarrabu kafin su haɗu su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. A da ruwa yana zuwa da damina ya malale, rani ya yi ya janye ya bar mana turba busasshiya, kowa ya san watan da zai bi ta ina. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, daga baya na Challawa a 1992, sai tsarin ya canza, wani wajen ruwa ya daina zuwa, wani wajen kuma ya ƙi tafiya ko da rani saboda sakin da ake yi, a nan ciyawar kachala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya koma bin gonaki da turbobi. Akwai hanyoyin da na bi da keke wajen Marma waɗanda yanzu sai kwale-kwale. Don haka in kun sauka daga kwalta kada ku yarda da abin da waya ta nuna muku, ku tambayi masunta ko mai shayin garin.

Ɗan Gumel:
Allah ya ƙara lafiya Baba, mun gode ƙwarai. To wane wata ya fi?

Hamza Gashuwa:
Kafin Baba ya amsa bari in sa baki. Ni dai ƙarshen kaka nake so, Nuwamba haka, ruwa ya fara ja, hazo bai sauko sosai ba, ana yankan shinkafa dama da hagu, da sassafe za ka ga tururi yana tashi a kan ruwa ga balbela fari fat a bayan shanu. Daga Gashuwa zuwa Nguru ta Jajimaji nake yawan bi, titin a miƙe yake har ka gaji da kallonsa, abin da ke katse maka shi sai garken Fulani da ke gangarowa fadama, in ka gan su ka sauka kawai ka jira, kada ka kutsa tsakiya kana buga ƙararrawa, saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba. Akwai shingayen jami'an tsaro kuma, ku riƙe katin shaida, ku cire gilashi da rawanin da kuka rufe fuska kafin ku iso, ku yi sallama. Yawanci tambayar da ake min ita ce wai biyana ake yi nake wannan wahalar.

Abba Feda:
Hhhh nima wata tsohuwa mai fura ta ce min ɗan nan in kuɗin mota ne babu ka faɗa a haɗa maka.

Ummi Tsuntsaye:
Yaya Hamza ni kam ban yarda Nuwamba ta fi ba, in dai don ganin wajen za a je. Ni da yayana muka shiga Dagona, matattarar tsuntsayen nan ta jihar Yobe, da kekuna a tsakiyar hunturu lokacin da muke aikin makaranta a kan tsuntsaye, lokacin ne agwagin ruwa masu ƙaura daga Turai suke cika tafkin, ga dinya ga kirinjijiya ga zalɓe, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji ƙarar fukafukai tun daga nesa. Wajen yana cikin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, har marigayi Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya zo a 1989. Amfanin keke a nan shi ne ba ya korar su kamar babur. Sai dai daga kwalta zuwa ciki akwai rairayi, siririyar taya nutsewa take, turawa muka yi ta yi, kuma ku nemi ma'aikatan wajen su shiga da ku. Ta ɓangaren Jigawa kuma akwai Baturiya a Kirikasamma, ita kurmi ce da tafkuna da goruba.

Hamza Gashuwa:
Ƙanwata kin fi ni gaskiya ta wajen tsuntsu, amma ke ba doguwar tafiya kika yi da iskar a fuska ba, leɓe har tsagewa yake.

Musa Auyo:
Ba wanda ya yi maganar damina, to ku ji. A Satumbar 2022 da aka yi babbar ambaliyar nan ni keke ne ya zame min abin hawa don mota ba ta wucewa wurare da dama, sai ka tuƙa ka iso inda ruwa ya yanke hanya, mai fito ya ɗora ka kai da keken a kwale-kwale ya tsallakar da kai ka ci gaba. Kada ku taɓa shiga ruwan da ke gudu a kan titi kuna cewa ai iya gwiwa ne, ba ku san ko kwalbatin da ke ƙasa ta tafi ba. Lakar fadama kuma baƙa ce mai danƙo, tana cika tsakanin birki da taya har ƙafar ta daina juyawa, sai ka nemi tsinke kana ƙwaƙulewa. Ga sauro da magariba, kana tsayawa sun rufe ka. Ba lokacin yawon shaƙatawa ba ne gaskiya, mutane na cikin jimamin gonakinsu.

Ɗan Gumel:
To mun ji, mun tsayar da farkon Disamba in Allah ya kai mu, mota zuwa Nguru, mu kwana mu ci kifi, da asuba mu kamo hanyar Haɗejiya iska na bayanmu. Dagona sai wani zuwan da keke mai ƙatuwar taya. Malam Sale tub nawa kake ganin kowa zai riƙe?

Sale Mai Faci:
Biyu biyu, da faci. Kuma ku taho min da famfo irin naku ɗaya daga Kano zan biya.