Me za mu kira bilingual da Hausa? Ni dai "mai harshe biyu" bai kwanta min ba

Salamu alaikum jama'a, malaman Hausa da masu fassara ku ɗan matso kusa don Allah. Kwana uku ke nan kalma ɗaya tak ta tsaya min a wuya. An ba ni wata 'yar takarda in mayar da ita Hausa, za a karanta wa iyayen yara a taron makarantarmu, a kan harshen da ya kamata a koyar da yara da shi, kuma kalmar bilingual, wato wanda ya iya harsuna biyu, ta cika takardar, kusan kowane layi sai ka ci karo da ita. Da farko na rubuta "yaro mai harshe biyu" na wuce abina. Da daddare na karanta wa Hajiyarmu don in ji ko maganar ta zauna, sai ta ajiye carbi ta dube ni ta ce, kai yanzu wane uba ne zai so a ce ɗansa harshe biyu gare shi? Gaskiyarta ce wallahi. A wurinmu mai harshe biyu, ko mai baki biyu, shi ne wanda zai faɗa maka magana a nan ya je can ya juya ta, shi ya sa ma in zance bai fito fili ba ake cewa mai harshen damo ne. To ka tara iyaye ka ce musu makaranta so take 'ya'yansu su zama masu baki biyu, ai kafin a kai ga addu'ar rufewa an watse. Ku taimaka da kalma.

Ma sha Allah, shawarwari sun fara shigowa. Wanda ya ce "ruwa biyu", ɗan'uwa ka yi haƙuri wannan tana da mai ita, ruwa biyu maganar jini ce, uwa daban uba daban, kuma akwai ruwa biyun da Hausa kaɗai yake ji. Masu cewa Ingausa kuma, Ingausa ai sunan cakuɗar ne ba sunan mutumin ba, irin wanda zai ce maka "zan yi calling ɗinka anjima". Mutum zai iya iya harsuna biyu sarai bai taɓa cakuɗa su ba, wani kuma Ingausar ce kawai jarinsa, in ka ce ya yi jimla uku da Turanci zalla sai gumi.

Malam, kai da ka kawo "tagwayen harshe", Allah ya ƙara basira, ta yi daɗi a baki kuma har na kusa ɗauka. Abin da ya hana ni, tagwaye tare ake haihuwarsu, tare suke girma, Hassan da Husaini kansu ɗaya. Yaran da nake koyarwa ba haka suke ba ranka ya daɗe. Hausar ta yi shekara shida ko bakwai tana tafiya da ƙafarta kafin Turancin ya fara rarrafe, kuma masu binciken su kansu sun daɗe da cewa da wuya ka samu wanda harsunansa biyu ƙarfinsu ɗaya ta kowace fuska, kowanne da inda ya fi aiki. In muka ce tagwaye sai iyaye su ɗauka duk yaron da Turancinsa bai kamo Hausarsa ba to ba ya cikin lissafi.

Wata 'yar'uwa ta tambaya wai duk wannan wahalar ta mece ce, a bar kalmar da Turancinta mana. Ƙanwata ba don iyayi ba ne. Su kansu Turawan sun daɗe suna yi wa abin kallon cuta. A 1923 wani mai suna Saer ya gwada yara a yankin Wales, masu jin harshen yankin da Turanci, ya ce na karkara masu harsuna biyu sun fi masu Turanci kaɗai ƙarancin maki, aka yi shekaru ana cewa harshe biyu na rikita ƙwaƙwalwa, alhali irin gwaje-gwajen wancan lokacin ba su cika kula da bambancin ɗan talaka da ɗan mai hali ba. Sai 1962 Peal da Lambert na Jami'ar McGill suka gwada yara 'yan shekara goma a Montreal ta Kanada, masu Faransanci kaɗai da masu Faransanci da Turanci, suka kula da halin gidajen da yaran suka fito, sai ga masu biyun sun wuce a yawancin gwaje-gwajen. Kusan shekara arba'in suka ɗauka kafin su fara wanke kalmar daga zargi, mu kuma sai mu zo rana ɗaya mu raɗa mata sunan munafuki?

Lambert ɗin nan ne daga baya ya raba abin gida biyu, kuma nan ne na fi so kalmarmu ta iya ɗaukar kaya. Akwai yaron da sabon harshe ya zo ya tarar da na gida ya zauna kusa da shi, akwai kuma wanda sabon ya zo ya ture na gidan. Wani a nan ya ce uwargida da amarya ke nan, ko a zauna lafiya ko amarya ta kori uwargida, na yi dariya sosai kuma a taron zan faɗe ta haka da baki don iyaye mata za su gane nan take, amma a rubuce ina ganin "na ƙari" da "na maye" sun isa. Na maye shi ne wanda muke gani a wasu gidajen 'yan boko, yaro ya je ƙauye gaishe da kakarsa sai an nemo tafinta.

Yanzu ga wadda ta fi kama hankalina. Wani dattijo, tsohon malamin firamare daga Damagaram, ya ce me ya sa muke ta neman kalmar a baki alhali Bahaushe a kunne ya ajiye ta? Ba ma cewa wane yana magana da Larabci in muna nufin ya iya, cewa muke yana JIN Larabci. Kana jin Fulatanci? Ba ya jin Hausa. Shi ke nan. Ya ce a ce "jin-biyu", mutumin kuma "ɗan jin-biyu" ko "mai jin-biyu". Baba, Allah ya ja kwana, ka gama magana. Kuma su mutanen Damagaram suna da hakkin sa baki, don a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci tun 1973, sun riga mu shan wannan ruwan.

Na gwada ta ta kowane gefe ta tsaya. Yaro ɗan jin-biyu, yarinya 'yar jin-biyu, yara 'yan jin-biyu. Makarantar jin-biyu. Jin-biyu na ƙari, jin-biyu na maye. Ba ta da wani tabo da na sani, kuma gajeriya ce, za a iya faɗinta a rediyo ba a yi tuntuɓe ba.

Amma akwai wanda ya yi gyara mai kyau, ya ce ji ai kala-kala ne, akwai jin kasuwa akwai jin littafi. Haka ne, kuma bari in ba ku labarin ajina. Aji ɗaya na ƙaramar sakandare nake koyar da kimiyya. Ran nan muna darasin yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska, na tambayi wata yarinya ta miƙe ta zubo min ma'anar da Turanci tiryan-tiryan kamar hadda, ko waƙafi ba ta bari ba. Na ce to madalla, me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Shiru. Ta kalli allo ta kalli silin. Na juya tambayar da Hausa, kafin in rufe baki wani yaro can baya, wanda tun farkon zangon bai taɓa ɗaga hannu ba, ya ce Malam ai randa tana tsattsafo ne, iska ta busar da jikinta sai ta tafi da zafin, shi ya sa Inna take ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Amsar ke nan cif. Ita tana da kalmomin ba ta da abin, shi yana da abin ba shi da kalmomin, kuma ranar jarrabawa ita za ta ci.

Wannan shi ne abin da wani masanin koyon harshe mai suna Jim Cummins ya bambance tun wajen 1979. Daga baya da ya duba yaran baƙin da suka yi ƙaura zuwa Kanada sai ya ga Turancin hira yakan samu cikin kamar shekara biyu, amma na karatu sai shekara biyar zuwa bakwai, kuma fa yaran da ke zaune cikin masu Turanci ke nan dare da rana, ba namu da ba sa jin sa sai an kaɗa ƙararrawa ba. Don haka zan riƙe gyaran nan, in rubuta "jin hira" da "jin karatu".

Masu cewa ina yaƙi da Turanci ne, a'a wallahi. Kimiyyar duniya yau da Turanci ake buga mafi yawanta, wanda bai ji shi ba an rufe masa ƙofa. Har manyan ma suna ɗanɗana kuɗarsu, a 2023 Tatsuya Amano na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa sun tambayi masu binciken muhalli 908 daga ƙasashe takwas har da Najeriya, suka ga waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne sun fi ɓata lokaci wajen karatu da rubutu, kuma an fi dawo musu da takardunsu saboda Turancin kawai. Rigimar ita ce ta wace hanya yaro zai fi saurin kaiwa. A Ife daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da 'yan firamare duk darussa da Yarabanci shekara shida cur, lissafi da kimiyya duka, Turanci kuma darasi ne da ƙwararren malami ke ɗauka, yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Tsarin ilimin Najeriya na 1977 ya ce a fara da harshen gida ko na yankin a shekarun farko na firamare, a 2022 zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu aka ce shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya soke ya ce a koma Turanci tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa. Ni dai a ajujuwan da na shiga ban taɓa ganin littafin kimiyya na Hausa a hannun yaro ba balle in ce an gwada abin ya ƙi, abin da ake yi shi ne malami ya rubuta da Turanci ya yi bayani da Hausa, in sufeto ya shigo a gyara zama. Wannan ma wani zaren ne daban.

To na rufe a kan jin-biyu, sai in wani malamin jami'a ya zo da wadda aka riga aka tsayar, in ta fi wannan zan sauya ba gardama. Jimlar farko a takardar yanzu ta zama: "Muna so yaranmu su tashi 'yan jin-biyu, Turanci ya zo musu ƙari ba maye ba." Na sake karanta wa Hajiya ɗazu bayan isha'i, ta ce to wannan dai magana ce, sai ta ƙirga da yatsa, Hausa, Fulatancin gidansu, da Barbarcin da ta tsinta zamansu na Maiduguri, ta ce a rubuta a takardar ita 'yar jin-uku ce ba ta taɓa shiga aji ba.