Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: har da ƙwaƙwalwa?

Malamin Firamare, Gusau: Assalamu alaikum. Jiya wani uba ya zo karɓar sakamakon ɗansa, yaron ya zo na 2 a aji. Ko duba takardar bai gama ba ya ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina, don ƙanen yaron nan yana ajina shi ma, uwa ɗaya uba ɗaya, amma shi ne na ƙarshe a aji. To manya, basira gado ce?

Baba Na-Tsafe: Wa alaikumus salam. Malam, karin maganar nan ba don sakamakon jarrabawa aka yi ta ba. Sana'a da hali take nufi. Ɗan maƙeri ya tashi ya iya zuga-zugi, ɗan mahauci ya iya fawa, sai a faɗe ta. Kuma ka lura, ɗan barewa yana ganin uwarsa tana gudu tun ranar da ya faɗo. Koyo na ciki. Shi kuwa ƙanen, Bahaushe ya tanadar masa tasa: albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ɗan Talata: Baba, a gafarce ni, amma jini ba wasa ba ne. A Amurka, a jihar Minnesota, an bi tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a gida daban. Da aka auna basirarsu bayan sun girma, makinsu ya zo kusa da juna ƙwarai. Wannan uwar barewa ba su gan ta tana gudu ba.

Baba Na-Tsafe: Da wane mudu aka auna, ɗana?

Malamin Firamare, Gusau: Yauwa Baba, nan ne gizo ke saƙa. Mudun nan, wato gwajin auna basira, asalinsa Faransa ne. Alfred Binet da abokin aikinsa Simon suka haɗa shi a 1905, don a gano yaran makaranta da ke bukatar ƙarin taimako. Binet kansa bai yarda basira abu ce da ke tsaye wuri ɗaya ba. Daga baya, a 1916, aka gyara gwajin a jami'ar Stanford, ya bazu, har ya koma abin jera mutane sahu-sahu. An tsara shi yadda matsakaicin maki zai zama 100. Sai wani masani, James Flynn, ya nuna cewa a ƙasashe da dama makin ya yi ta hawa cikin ƙarni na 20, kusan maki 3 duk shekara 10. Jini ba ya sauyawa da wannan saurin. Makaranta, abinci da lafiya ne suka sauya. Jikoki sun fi kakanni maki, amma wa zai ce kakanninmu wawaye ne?

Ɗan Talata: Ban ce gado kaɗai ba, Malam. Na ce dai yana da kaso, kuma kason ba ƙarami ba ne. Mu daina yi wa iyaye alkawarin kowane yaro zai zama likita.

Hajiya 'Yar Anka: Ni ban yi dogon karatu ba, amma ku bari in sa baki, don mu abin ya faru a ƙofar gidanmu. A 2010 gubar dalma ta afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Bagega da 'Yar Galma. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake kawowa gida ana daka shi ana niƙa, ƙurar ta cika tsakar gida, yara na rarrafe cikinta suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo da magani, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne waɗanda suka rayu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar da ta riga ta yi magani ba ya mayar da ita. Akwai ɗan ƙanwata a cikinsu. Ubansa lissafin awo da kai yake yi, ko alƙalami ba ya nema. Yaron ya girma, har yau canjin naira ɗari biyar sai an taya shi. In malami bai san tarihinsa ba, daƙiƙi zai kira shi. Ɗan barewa ne fa, ƙafar aka karya.

Ɗan Talata: Innalillahi. Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Wannan kam ban da ta cewa.

Baba Na-Tsafe: Amin. Shi ya sa ban so a faɗi karin maganar nan a gaban yara biyu. Yabo ce, ana yi wa wanda ya yi gudu. Idan aka juya ta kan wanda ke rarrafe ta zama gori, har ma da zargin uwa. Wani abu kuma, Malam: ka ce basira. Mu muna raba hankali, wayo, hazaƙa da ilimi. Dila wayo gare shi, ba wanda ya taɓa kiransa mai hankali. Gwajin Turawan nan wanne ciki yake kamawa?

Malamin Firamare, Gusau: Galibi hazaƙa, Baba: saurin gane tsari, lissafi, kalmomi da riƙe abu a ka. Su ma suna wannan gardamar. Wani masani, Howard Gardner, ya ce a 1983 basira iri 7 ce, har da ta kiɗa da ta zama da mutane, wasu kuma suka ce waɗannan baiwa ce kawai, ba ya da mudun auna su. Hajiya, kin tuna mini abu. Ƙanen nan a ƙauye ya tashi wurin kakarsa kafin a dawo da shi Gusau, ban taɓa tambayar wane ƙauye ba.

Hajiya 'Yar Anka: Ka tambaya, Malam. In ɓangarenmu ne, ka ce uban ya kai shi asibiti a gwada jininsa. Kuma ka matso da shi bencin gaba.